Kama da Wane Ba Ta Wane: Yadda Ake Saye, Gyara da Haɗa Kayan Tsohon Madubin Likita a Kano

Madubin likita na farko da na mallaka a kan sikeli na tarar da shi. Wani ɗan gwangwan a wajen Ƙofar Ruwa ya ɗora shi tare da ragowar fanka da murfin injin markaɗe, yana lissafin kilo. Baƙi ne wuluk, an rubuta W. Watson & Sons, London a jikinsa, zanzaro har ya yi gini a cikin bututun da ake kanga ido. Na ce, "Maigida, don Allah kada ka fasa wannan, sallama mini." Ya dube ni ya ce, "Malam, ni tagullar ciki nake so. In ka biya kuɗinta, ɗauki abinka." Bayan mako uku na ɗora ɓawon albasa a ƙarƙashinsa, na ga ɗakunan ƙwayoyin a jere kamar tubalin gini, tas, babu hazo.

Tun daga ranar nake bin waɗannan na'urori. Abin da ya fi cin kuɗina kafin in gane shi shi ne cewa kowane kamfani a kan lissafi ɗaya ya ƙera madubinsa, daga ƙwan fitila har inda ido yake sauka. Ka sauya abu ɗaya da wanda ya yi kama da shi, sai lissafin ya wargaje, hoto ya dushe, kai kuma ka rasa dalili. A Turai mutum yana odar ɗan ƙaramin haƙori na cikin na'urar ya iso masa cikin kwanaki. Mu nan sai abin da kasuwa ta kawo, don haka dole mu iya karanta abin da ke hannunmu.

Bari mu daidaita sunaye tukuna. Wanda ake kanga ido a kansa zan kira shi gilashin ido. Waɗanda ke rataye a kan majuyi suna kallon silayid, wato ɗan fallen gilashin da ake ɗora samfur a kai, da ma'aikatan lab suke ce wa objektif, zan ce musu gilashin ƙasa. Inda ake ɗora silayid faranti ne. Ƙarƙashinsa akwai kwandensa mai tattara haske, da idon mage, wato 'yan siraran ganyayyakin ƙarfe masu buɗewa da tsukewa. A gefe kuma babban mamurɗi da ƙarami, na daidaita gani.

Inda ake samu, da wanda ya kamata ka fara da shi

'Yan gwangwan da 'yan jari-bola su ne na farko, sai shagunan kayan asibiti da na lab a Sabon Gari, sai masu shigo da gwanjon kayan aiki daga Turai. Amma mafi kyawun da na samu daga hannun mutane ne: ƙaramin lab mai zaman kansa da ya sayi sabo ya jefa tsohon a sito, makarantar kuɗi da aka rufe, ko dattijon da ya yi ritaya daga aikin lab ya ajiye nasa. Ka bar lambar wayarka da hoton na'urar a wajen 'yan gwangwan biyu ko uku, ka riƙa biyansu sama da kuɗin kilo. Da kansu za su riƙa kiranka.

In ka ga lambar sito da aka rubuta da fenti, ko tambarin wata ma'aikata, asibiti ko makarantar gwamnati, ka nemi takardar gwanjon da aka sayar da shi. Babu takarda, ka bar shi komai arahar. Madubin da aka sato daga asibiti, wani yaro mai zazzaɓi aka hana gwaji.

Abin da za ka fi cin karo da shi kashi-kashi ne. Akwai na Ingila, Watson da Beck da Baker da Vickers, ragowar zamanin Turawa da shekarun da suka biyo baya. Akwai na Jamus, Leitz na garin Wetzlar da Zeiss. Shi Zeiss biyu ne, domin bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin ya rabu, ɗaya a Jena ta Jamus ta Gabas, ɗaya a Oberkochen ta Yamma, kuma kawunansu, wato inda gilashin ido yake zama, da kwandensarsu ba sa musaya. Akwai LOMO na Leningrad, wanda aka fi sani da samfurin Biolam. Akwai na Japan, Nikon da Olympus. Olympus ya fito da jerin CH a 1976, BH-2 kuma a 1980. Sai na Sin, irin XSZ-107, da ya cika ƙananan lab ɗinmu. Shi ba tsohon tarihi ba ne, amma ka riƙe sunansa, zai yi mana rana a gaba.

A ganina, wanda zai fara ya nemi Olympus CH-2 ko BH-2, ko wani mai ido ɗaya da madubin haska rana. Mai ido ɗaya ba shi da abin lalacewa da yawa. Na tagulla mai ƙyalli kuwa, a yi hattara. Ana ƙera na kwaikwayo don adon falo, sabbi fil, a shafa musu tsufa. Na gaske yana da lambar ƙira, murɗinsa yana tafiya sumul, shafinsa mai ruwan zinare ya dushe a wuraren da yatsu suka saba taɓawa. In ka dace da na gaske, kada ka goge shi da maganin ƙyalli ko samfefa. Wannan tsohon shafin shi ne darajarsa.

Duba kafin ka biya

Ka tafi da tocila, da silayid ɗaya da ka san yadda yake fitowa a madubi mai lafiya, da safar hannu. Na'urar da ta yi shekaru ana ɗora mata jini da majinar masu tari, ka ɗauka tana da datti har sai ka goge jikinta da sifirit.

Fara da murɗi. Juya babban mamurɗi a hankali daga ƙasa har sama, sannan ƙaramin. In ya yi tauri amma yana tafiya bai ɗaya, tsohon giris ne, yana gyaruwa. In ya yi tsalle a wuri ɗaya duk zagaye, ko ya juya fayau faranti bai motsa ba, haƙori ya karye. Wasu na Japan na shekarun 1960 zuwa 1980 suna da ɗan haƙorin roba a cikin ƙaramin mamurɗi, yana tsagewa da tsufa, samunsa a Kano kuwa sai an sha wuya. In ya ƙi motsi sam, ka ƙyale shi haka, kuma ka hana mai kayan ya nuna maka ƙarfinsa. Sau da yawa a gaban mai saye ake karya haƙorin.

Sai gilashi. Cire kowane gilashin ƙasa, ka haska tocila ta bayansa a karkace. Ƙura ba komai ba ce. Abin da ya yi kama da yanar gizo ko saiwar ciyawa hunhuna ce. In kaɗan ce a gefe ana iya zama da ita, in ta mamaye tsakiya ta riga ta ci fuskar gilashin. In ka ga launin bakan gizo, ko wani abu kamar ɗigon mai yana shigowa daga gefe, gam ɗin da ya haɗa gilasai biyu ne ya saki, wannan ba ya gyaruwa a gida. Fuskar gaba ƙarama ce ƙwarai, don haka ka zare gilashin ido, ka juya shi baibai ka leƙa da shi, zai nuna maka karce da busasshen mai.

In mai ido biyu ne, ka ɗora silayid ka duba da idanu biyu na minti ɗaya. In hoto ya rabu biyu, ko ka ji idanunka suna ja, gilasan da ke cikin kan sun goce, galibi saboda faɗuwa. A rage kuɗi sosai ko a haƙura. Daga ƙarshe ka ƙirga abin da ya ɓata: kwandensa, madubin haske, maƙallin silayid, sukurorin gefe. Kwandensa da kai su ne suka fi wuyar maye, domin kusan kowane kamfani da faɗin mazauninsa.

Karanta rubutun jikin gilashi

Nan ne gaɓar aikin, kuma nan na fi so ka daɗe.

Kusan duk tsofaffin gilasan ƙasa haƙoran ɗaurinsu iri ɗaya ne. Ana kiransa RMS, ma'aunin da ƙungiyar masana madubi ta Landan ta tsayar tun ƙarni na 19: faɗi milimita 20.32, haƙora 36 a kowane inci. Saboda haka na Rasha zai ɗauru a jikin na Ingila, na Sin ya ɗauru a na Jamus. Wannan shi ke yaudarar mutane, su ɗauka tunda ya shiga ya dace.

Ɗauki gilashi ɗaya ka karanta. Za ka ga abu kamar 40/0.65, ƙarƙashinsa 160/0.17. Lamba 40 ita ce yawan ninkin girma. 0.65 ƙarfin tattara haske ne, shi ke yanke iyakar ƙanƙantar abin da gilashin zai iya rarrabewa, kuma ya fi lambar girma muhimmanci. Wanda aka saba gani shi ne 4/0.10, 10/0.25, 40/0.65, sai 100/1.25 mai aiki da mai. 160 tsawon bututun da aka lissafa gilashin a kansa ne, a milimita. 0.17 kaurin siririn murfin da ake rufe samfur da shi ne. A na baya-bayan nan akwai zoben launi: ja na 4, rawaya na 10, shuɗi na 40, fari na 100. Tsofaffi sosai ba su da shi.

Abu uku za ka daidaita.

Na farko tsawon bututu. Mafi yawa 160 ne. Tsofaffin Leitz 170 ne, har tsakiyar shekarun 1970 da suka koma 160. Sai masu alamar ∞, kamar 8 a kwance. Waɗannan wani tsari ne daban, suna buƙatar ƙarin gilashi a cikin kan madubin, kuma kowane kamfani da nasa: Olympus 180, Nikon da Leica 200. Olympus na jerin CX da ake gani a asibitoci yanzu duk wannan tsarin ne. American Optical na Amurka ya fara shi da wuri, tun shekarun 1960, don haka tsufan na'ura ba ya tabbatar maka 160 ce, sai ka karanta.

Na taɓa buƙatar gilashin 40 na wata CH-2. Na samu a wani shago, sabo a kwalbarsa, sunan kamfanin ɗaya. Yaron shagon ya ce, "Alhaji, ai duk gida ɗaya ne." Ya ɗauru lafiya lau. Da na juyo daga 10 zuwa 40 hoto ya ɓace, na yi ta murɗi kafin ya dawo, da ya dawo kuma kamar ana kallon Dala ranar da hazo ya sauka. Kwana biyu ina wanke gilashin da ba shi da datti, kafin na lura da 'yar alamar ∞ a gefensa. Kuɗin ba su dawo ba.

Game da Leitz, akwai sauƙi da ba kowa ya sani ba. A tsarin 170 hoton yana tsayawa milimita 18 ƙasa da bakin bututu, a tsarin 160 kuma milimita 10. In ka cire, 152 ke nan da 150, bambancin milimita 2 kacal. Don haka gilashin ƙasa na Leitz 170 mai cikakken tsayi, wato milimita 45 da za mu zo kansa yanzu, yana aiki a jikin 160 ba tare da asara mai yawa ba. Gilashin ido ne tilas ya kasance na bututun da yake zaune a ciki.

Na biyu tsayi, wato daga kafaɗar gilashin, inda ya zauna a majuyi, zuwa samfur. A ma'aunin Jamus na DIN milimita 45 ne, shi ne a CH-2 da BH-2 da Zeiss na Yamma da na Sin. Galibin Olympus da suka riga BH-2 gajeru ne, wajen 37, haka tsofaffin baƙaƙen Leitz. LOMO 33, American Optical 34, sabon Nikon 60, shi haƙoransa ma sun fi faɗi. In ka haɗa dogo da gajere a majuyi ɗaya, ka daidaita gani da gajeren sannan ka juyo dogon, zai daki silayid. Da haka ake fasa fuskar gilashin 100. Duk na kan majuyi ɗaya su zama tsayi ɗaya. In bambancin ɗan kaɗan ne, ana yanka siririn zobe daga gwangwanin lemo a sa a kafaɗar wanda ya gaza.

Na uku, wanda aka fi mantawa, auren gilashin ƙasa da gilashin ido. Yawancin tsofaffin kamfanoni da gangan suke barin ɗan kuskuren launi a gilashin ƙasa, su gyara shi a gilashin ido. Shi ya sa za ka ga Kpl a na Zeiss, Periplan a na Leitz, WHK a na Olympus, K a na LOMO. In ka raba su, tsakiyar hoto zai yi kyau, gefe kuwa ya yi jan baki da shuɗin baki. Nikon na jerin CF ya gama gyaransa a ƙasa, shi bai son gilashin ido mai gyara. Faɗin gilashin ido galibi milimita 23.2 ne, na manyan madubai 30. Ka auna kafin ka fita nema.

Ga inda XSZ-107 yake shigowa. Gilasansa DIN ne, 160/0.17, tsayi 45, ana samunsu sabbi a kasuwa. In kana da jiki mai kyau na 160 amma gilashinsa ɗaya ya mutu, na Sin zai riƙe maka wurin har Allah ya kawo na asali. Matacciyar XSZ-107 ma abin saye ce saboda sukurori da maƙallin silayid. Kada kuma ka ruɗu da gilashin ido mai 20 ko 25. Lambarsa ake ninkawa da ta gilashin ƙasa a samu girman hoto. Ƙa'ida ita ce girman da ke da amfani ba ya wuce ninki 1000 na lambar tattara haske. Gilashin 40/0.65 iyakarsa wajen 650, abin da ya haura haka hoto ne ya kumbura, ba ƙarin bayani. Gilashin ido mai 10 ya wadatar.

Ni yanzu ina da littafi. Kowace na'ura da shafinta: tsawon bututu, tsayi, faɗin ido, irin ƙwan fitila, abin da ya ɓata. Hoton shafin yana cikin wayata duk inda na shiga kasuwa.

Wanke gilashi

Ƙurar hunturu tana ɗauke da ɓarɓashin yashi, kuma shi ke karce gilashi, ba wankin ba. Duk wanda ya sa bakin rigarsa ko tishu ya murza gilashin ido a watan Janairu, samfefa ya yi masa. Don haka hurawa ce farko. Robar da ake zuƙe wa jarirai majina da ita, sabuwa, tana yin aikin. Kada ka hura da baki.

Kafin ka taɓa komai, gano inda dattin yake. Kana leƙe, ka juya gilashin ido: in ɗigon ya juya, a nan yake. Motsa silayid: in ya bi shi, na silayid ne. Sauya gilashin ƙasa: in ya ɓace, na wancan ne. Ɗaga kwandensa ka sauke: in ya dushe ya dawo, yana ƙasa.

Sai ka naɗa audugar asibiti mai tsabta a kan tsinken sakace, yadda tsinin ba zai leƙo ba. Jiƙa ta kaɗan da ruwan allura na kemis wanda ka ɗiga wa ɗigon sabulun ruwa. Fara daga tsakiya ka zagaya zuwa gefe, sau ɗaya, ba dannawa, ka yar. Sabuwar auduga, ka maimaita da ruwan zalla. Kada ka yi amfani da ruwan batir na bakin titi, ba ka san abin da ke cikin jarkar ba.

Busasshen mai shi ne cutar gilashin 40. Ana gama duba da 100, a juyo majuyi, 40 ya tsoma baki a man, ya bushe a kai shekara da shekaru. Da yawa daga waɗanda ake cewa sun mutu wannan ne kawai ke damunsu. Ana cire shi da auduga mai ɗan danshin zailin, wanda ake samu a shagunan kayan lab, danshi kawai, ba jiƙewa ba, a bi da busasshiya nan take. Dalilin taka-tsantsan shi ne tsofaffin gilasai da ƙaron itace ake manna su, wanda ake kira balsam na Kanada, kuma zailin da sifirit suna narkar da shi in suka kwanta a gefe. Ruwan goge farce kada ya kusanci na'urar, yana cin roba da fenti. Cikin gilashin ƙasa da cikin kan mai ido biyu kuwa, in ba dole ba a bar su. Garin gyaran gira ake rasa ido.

Tsohon giris

Cire duk gilasai ka ajiye a rufe kafin ka fara. Shimfiɗa farin ƙyalle a cikin babban tire, ka yi aikin a ciki, domin a cikin faranti da mamurɗi akwai 'yan ƙananan boris a sake, ɗaya ya gangara ƙasa ya tafi ke nan. Ɗauki hoto da waya kafin kowane sukuru ya fita, ka jera su a kiret ɗin ƙwai bi da bi. Sukurorin na Japan masu kan gicciye ma'auninsu na Japan ne da ake kira JIS, sukundireban da aka saba yana zamewa ya cinye kansu. Nemi wanda ya zauna daram, masu gyaran agogo da na waya a Farm Centre sukan samu masu kyau.

Giris ɗin na Rasha ya yi suna wajen daskarewa kamar ƙaro, na Japan ma yakan yi. Zafi ne maganinsa. Ka bar ƙarfen a rana na awa ɗaya, ko ka hura masa na'urar busar da gashi, ka ɗiga kananzir a mahaɗa, ka jira. In bai motsa ba yau, gobe ma rana ce. Da ya saki, ka wanke tsohon da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ka goge da sifirit, ya bushe sarai. Sabon giris fari mai laushi, ɗan kaɗan, kamar yadda ake shafa kwalli. Baƙin mai da man keken ɗinki suna malala, a zafin Afrilu kuma tururinsu ya hau gilashi. Idon mage ba a sa masa mai ko ɗigo. A wanke ganyayyakin su bushe, sai ɗan garin bakin fensir in sun yi kauri.

In ka harhaɗa ka ga faranti yana zamewa ƙasa da kansa, akwai wurin ƙara tauri. A CH-2 da BH-2 zobe ne a gindin babban mamurɗi. A Biolam da wasu tsofaffi kuwa mamurɗan hagu da dama ake murɗawa saɓanin juna. Kada ka yi wa CH-2 da BH-2 wannan, yana lalata cikinsu.

Haske

Kafin ka soka a wuta, karanta farantin bayanta. Wutarmu 230 ce, na Amurka 110 zuwa 120, na cikin gidan Japan 100. Soka ɗaya ya isa ya ƙona taransifoma. Tsohuwar waya da ta bushe ta tsage a sauya ta, a haɗa mata wayar ƙasa, tunda jikin ƙarfe ne. Da yawa suna amfani da ƙwan halojin 6V 20W mai ƙafa biyu. Kada ka riƙe shi da yatsa tsirara, maiƙon hannu yana rage masa kwana.

Da yanayin wutarmu, ni na fi son mayar da su LED mai wat 3 da ke aiki da fawa-bank. Mai gyaran rediyo zai iya, in ka tsaya a kansa kan abu uku: ƙwayar LED ta zauna daidai inda zaren tsohon ƙwan yake, a manna ta a kan ƙarfen da zai sha zafi, a sa mata abin rage haske. Kada a huda jikin na'urar, tsofaffin kayan kuma a ƙulle su a leda a ajiye. Mai madubin haska rana, fuskar da take shafe ake amfani da ita in akwai kwandensa, mai zurfin in babu. A fuskanci farin bango ko sararin sama. Kada a taɓa fuskantar rana kanta, tana ƙona ido.

Gwaji da ajiya

Ɗora silayid mai murfi, ka fara da 10. Ɗaga kwandensa kusan ƙarshe. Zare gilashin ido ka leƙa bututun, za ka ga da'irar haske. Tsuke idon mage har ya rufe wajen kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinta, ka mayar da gilashin idon. Da yawa suna rage haske da idon mage ko da sauke kwandensa, alhali hakan yana cinye ƙananan bayanai. In na'urar tana da wani idon a ƙasa wajen fitila, tsuke shi, ka motsa kwandensa har gefensa ya fito da kaifi, ka kawo shi tsakiya da sukurori biyun, ka buɗe har ya fice daga gani. Wannan shi ne tsarin da August Köhler ya bayyana a 1893, har yau shi ake bi.

Juya zuwa 40. Ɗan taɓa ƙaramin mamurɗi ya kamata ya isa, abin da ke tsakiya kuma ya zauna kusa da tsakiya. In ka gwada 40 da shafen jini marar murfi ka ga hazo-hazo, kada ka zargi gilashin, 0.17 ɗin nan yake nema. Na 100 sai da man da aka yi domin aikin, mai lamba 1.515 ko kusa a jikin kwalbar, a goge da an gama. Madubin da ka gyara ya dace da koyar da yara, duba ruwan kududdufi, ƙwayar fure, zaren atamfa. In za a yi gwajin marasa lafiya da shi, sai ƙwararren ma'aikacin lab mai lasisi ya duba shi ya amince.

Ajiya a Kano kala biyu ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura ce abokiyar gaba: ka sa tela ya ɗinka masa riga ta yadin auduga mai kauri, gilashin ido ya zauna a bututu kullum, duk ramin majuyi da ba kowa a toshe shi, saboda ƙura da zanzaro. Daga Yuni zuwa Satumba danshi ne, musamman Agusta. A lokacin kada ka rufe shi da leda ko ka kulle shi a akwatinsa na katako a lungun ɗaki, nan hunhuna take samun gida. Cire gilasan ka sa su a robar abinci mai murfi mai kamawa, tare da 'yan ƙunshin silika da ke zuwa a kwalin takalmi da na magani. In sun sha ruwa, a gasa ƙwayoyin a kasko a wuta kaɗan, su huce a rufe, a mayar. Akwatin katakon a ɗora shi a kan kanta nesa da bango saboda gara, gindin fitila kuma a riƙa buɗewa ana dubawa, kyankyaso yana son ɗumin wurin. Duk sati biyu, ko ba ka da abin dubawa, ka fito da shi ka murɗa kowane mamurɗi daga farko zuwa ƙarshe, ka kunna fitilar na minti goma.